Yadda na nemi bizar karatu ta Ireland, da abin da taswira ta warware mini

Duk shekara idan lokacin neman makarantu ya zo, ƙanne da abokai sukan turo mini tambayoyi a kan Ireland, kuma kusan kullum biyu ne ke fara zuwa: "Ba cikin Birtaniya take ba?" da kuma "In na samu bizarta ai na samu Turai ke nan, ko?" Amsar duka biyun a'a ce. Ni ma lokacin da na fara neman gurbin digiri na biyu a 2023 na sha jin maganganu masu karo da juna daga bakin mutanen da nake ganin sun sani, har kaina ya ɗaure. Shi ya sa na ga ya dace in zauna in rubuta yadda na bi abin daki-daki, tun daga Kano har zuwa ranar da katin izinin zama ya shigo hannuna a birnin Galway da ke yammacin ƙasar.

Sai an fahimci ƙasar kafin a fahimci takardunta. Ireland tsibiri ne a arewa maso yammacin Turai, yana yamma da babban tsibirin Birtaniya, teku ya raba su, ta ɗaya gefen kuma babu komai sai Tekun Atlantika har Amurka ta Arewa. Tsibirin yana da gundumomi 32. Guda 26 su ne Jamhuriyar Ireland, ƙasa mai cin gashin kanta, babban birninta Dublin, kuɗinta yuro, tana cikin ƙungiyar da ta zama Tarayyar Turai tun 1973. Sauran shidan da ke arewa maso gabas su ne Ireland ta Arewa, babban birninta Belfast, kuɗinta fam, tana ƙarƙashin Birtaniya, kuma tare da ita ta fice daga Tarayyar Turai a 2020. A da Birtaniya ce ke mulkin tsibirin baki ɗaya. An raba shi a 1921, kudanci ya samu 'yancin kansa a 1922, ya zama cikakkiyar jamhuriya a 1949. Faɗin jamhuriyar ya ɗan haura murabba'in kilomita dubu 70, kusan daidai da Jihar Borno, mutanenta kuwa a ƙidayar 2022 sun ɗan wuce miliyan biyar, wato Jihar Kano ita kaɗai ta fi su yawa. Abu na ƙarshe, kuma shi ne ya fi ruɗa mutanenmu: duk da tana cikin Tarayyar Turai, Ireland ba ta cikin yarjejeniyar Schengen wadda ke ba mutum damar zagaya Faransa da Jamus da Italiya da biza ɗaya. Bizar Ireland daban, ta Birtaniya daban, ta Schengen daban.

Wani dillalin makarantu da aka haɗa ni da shi tun farko ya rantse mini cewa da na sauka Dublin zan iya hawa mota in je Landan hutun ƙarshen mako, in ga dama in wuce Paris. Da wannan maganar yake jawo samari. Da na shiga shafin hukumar shige da ficen Ireland na karanta da idona, sai na tarar babu ko ɗaya daga cikin abin da ya faɗa, na kuma gano cewa duk abin da yake neman in biya shi a kai abu ne da mutum zai yi da kansa in yana da kwamfuta da haƙuri. Daga nan muka rabu.

Matakin farko shi ne gurbin karatu. Hukumomin Ireland suna da jerin kwasa-kwasan da suka amince ɗalibi daga wajen Turai ya zo ya yi, kuma in kwas ɗinka ba ya ciki, babu biza komai kyan makarantar. Na duba nawa na same shi. Jami'ar ta nemi sakamakon digirina na farko da cikakken bayanin darussan da na yi, wasiƙun malamai biyu, da jarrabawar Ingilishi ta IELTS, inda sashenmu ya ce sai maki 6.5. Karɓo cikakken sakamako daga tsohuwar makarantata ya ci mini lokaci fiye da komai a wannan matakin, don sai da na yi ta sintiri daga wannan ofis zuwa wancan. Duk mai niyya ya fara da wannan tun kafin ya cike fom ko ɗaya. Da takardar karɓa ta zo, sai maganar kuɗi. Ƙa'idar biza ita ce in kuɗin makaranta bai kai yuro 6,000 ba ka biya duka, in ya haura ka biya aƙalla yuro 6,000 kafin ka nema, amma jami'a tana da ikon neman fiye da haka. Shekarar da na nema ita ce aka saki naira a watan Yuni, farashin yuro ya rinƙa tashi kusan kullum. Lissafin da muka yi da azumi bai kai mu babbar salla ba. Na bi ta banki don tura kuɗin, aka yi ta cewa in dawo gobe, kuma kowace goben da ƙarin naira take zuwa. Ban taɓa jin zuciyata ta yi nauyi irin na waɗannan makonnin ba.

Fom ɗin biza a intanet ake cike shi, a manhajar da suke kira AVATS. Karatun da ya wuce wata uku yana buƙatar biza ta dogon zama, mai harafin D. Ba a nema sai ya rage wata uku ko ƙasa da haka a yi tafiya. In ka gama, za ta ba ka lamba da takardar taƙaitaccen bayani wadda za ka buga, ka sa hannu, ka rubuta kwanan wata. Ka adana lambar nan, da ita za ka san makomarka. Akwai tambayar ko wata ƙasa ta taɓa hana ka biza. A nan mutane da yawa ke jefa kansu cikin matsala, don suna ganin ai Birtaniya ce ko Amurka ta hana su, ba Ireland ba. Dole ka faɗa, ka kuma haɗa da takardar hanin. Ɓoyewa kan jawo a hana ka, har a rufe maka ƙofar sake nema na tsawon shekaru.

Inda aikin yake na gaske shi ne shaidar kuɗin zama. Daga Yulin 2023 adadin da ake so ɗalibi ya nuna ya koma yuro 10,000 na shekara guda, ban da kuɗin makaranta, kuma ana son bayanan asusun banki na wata shida, naka da na mai ɗaukar nauyinka. Ni kawuna ne ya ɗauki nauyina, ɗan kasuwar hatsi ne a Dawanau. Duk wanda ya san harkar hatsi ya san yadda asusunsu yake: yau miliyoyi sun shigo, jibi sun fita, sai kaka ta zo a ga kuɗi sun taru. Jami'in biza da ke zaune yana duba takarda bai san kaka ba, bai san Dawanau ba. Abin da zai gani shi ne kuɗi masu yawa sun faɗo asusu ba bayani, kuma ƙa'idarsu ta ce duk irin wannan shigar sai an faɗi tushenta. Da na kai wa Kawu maganar ransa bai so ba. Ya ce, "Yanzu ni da dukiyata sai na yi wa Bature bayanin inda na samo ta?" Na ce, "Kawu, ba zargin ka suke ba, kowa haka suke yi masa. So suke su tabbatar ba aro aka yi don a nuna musu ba." Ya yi shiru, sannan ya sa yaron shagonsa ya ɗauko rasitai. Muka zauna muka bi manyan shigar ɗaya bayan ɗaya, muka haɗa kowacce da rasitinta, muka sa takardar rajistar kasuwancinsa da ta haraji, ya rubuta wasiƙar ɗaukar nauyi, muka ƙara da takardun da ke nuna cewa shi ƙanin mahaifiyata ne. A ganina wannan zaman shi ya ba ni bizar. Na san waɗanda kuɗinsu ya fi namu yawa aka hana su, saboda kawai an zuba kuɗin a asusu ana saura mako biyu.

Sauran takardun sun haɗa da fasfo wanda zai kai aƙalla wata 12 bayan ranar sauka, hotuna biyu, inshorar lafiya, shaidar biyan kuɗin makaranta, takardun karatu, da wasiƙar da kai kanka za ka rubuta ka bayyana dalilin zuwanka, dalilin zaɓen wannan kwas, da alkawarin bin sharuɗɗan biza. Suna kuma son bayanin duk wani giɓi tsakanin karatu da karatu. Ni bayan hidimar ƙasa na yi koyarwa a wata makaranta mai zaman kanta, don haka na karɓo wasiƙa daga can. Wanda ya zauna gida ko ya yi kasuwanci shi ma ya faɗa kai tsaye, ya kawo abin da zai nuna.

Ireland tana da ofishin jakadanci a Abuja, amma ba can ake kai takardu ba. Ana kai su cibiyar VFS, kamfanin da ke karɓar takardun biza a madadinsu, a Abuja ko Legas, bayan ka ɗauki rana ta intanet. Na kwana a Abuja don in isa da sassafe. An duba takardun, an ɗauki hoton yatsuna da na fuskata, na biya kuɗin biza da na hidimar cibiyar. Bizar shiga sau ɗaya yuro 60 ce, ta shiga da yawa yuro 100, ana biya da naira. Ta shiga ɗaya ta ishe ɗalibi, don da zarar ka samu katin zama shi ne zai rinƙa mayar da kai ƙasar. Ma'aikatan cibiyar karɓa kawai suke yi, ba su ke yanke hukunci ba, saboda haka roƙonsu ko yi musu dogon bayani ba ya ƙara komai. Abin da ke cikin ambulan shi zai yi magana.

Daga nan sai jira. Lokacin damina lokacin cunkoso ne, don kowa so yake ya isa kafin Satumba. Ana wallafa lambobin waɗanda aka yanke wa hukunci a shafin intanet, ni kuwa na mayar da duba shafin nan kamar wuridi, safe da dare. Hajiya takan tambaye ni bayan sallar asuba, "Har yanzu shiru?" In ce shiru. Ta ce, "Abin da yake rabonka ba ya wuce ka." Ranar da na ga lambata cikin waɗanda aka amince wa, sai da na karanta ta sau da yawa ina gwada ta da takardar hannuna. Wanda aka hana yana da damar ɗaukaka ƙara cikin wata biyu, kyauta, kuma takardar hanin tana faɗin dalilai, don haka ba ƙarshen magana ba ne.

Babu jirgin da ke tashi daga Najeriya kai tsaye zuwa Dublin. Tikiti mafi araha da na gani ta Landan ya bi, amma ratsawa ta Birtaniya tana da nata sharuɗɗan ga mai fasfon Najeriya, kuma ban so in tsaya gardama a filin jirgi ba. Na bi ta Istanbul. A Dublin na fahimci abin da aka rubuta a shafinsu cewa biza izinin zuwa bakin ƙofa ce kawai, jami'in filin jirgi ne ke da ikon shigar da kai. Ya nemi takardar makaranta, shaidar biya, inshora, da adireshin inda zan sauka. Duk suna cikin jakar hannuna, ba cikin akwatin da aka auna ba. Ya buga hatimi, ya rubuta ranar da dole in yi rajista kafin ta cika. Ba ya wuce kwana 90.

Daga filin jirgin na hau bas zuwa Galway, tafiyar kilomita ɗari biyu da 'yan kai, wato ka ratsa ƙasar daga gabas zuwa yamma cikin awa uku ko ƙasa da haka. A hagu suke tuƙi. Tsakiyar ƙasar shimfiɗaɗɗe ne, ciyawa kore shar, shanu da tumaki ko'ina, duwatsun kuwa suna gefe-gefe ta bakin teku, kuma mafi tsawonsu, Carrauntoohil a gundumar Kerry, bai kai mita 1,050 ba. A Athlone muka haye kogin Shannon, wanda ya fi kowane kogi tsawo a tsibirin, kimanin kilomita 360. Allunan hanya da harsuna biyu aka rubuta su, harshen Irish a sama, Ingilishi a ƙasa, don Irish ne harshen hukuma na farko duk da Ingilishi aka fi yi. Yamma da Galway, a yankin Connemara, har yanzu akwai ƙauyukan da Irish ne harshen gida. Wani dattijo da muka zauna kujera ɗaya da ya ji daga Kano nake sai ya ce 'yar'uwar mahaifinsa ta yi koyarwa a arewacin Najeriya. Ban yi mamaki ba, don makarantar St. Louis ta Kano matan mishan 'yan Ireland ne suka kafa ta. Shi ne kuma ya fara ba ni labarin yunwar da aka yi daga 1845, lokacin da cuta ta kama dankali, kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu, wasu miliyan suka yi hijira. Kafin yunwar mutanen tsibirin sun haura miliyan takwas, kuma har yau ba su koma wannan adadin ba.

Masauki shi ne abin da ya fi ba ni wahala, kuma shi ne abin da ba a faɗa wa ɗalibi sosai. Gidaje sun yi ƙaranci a Dublin da Cork da Galway da Limerick, haya ta yi tsada, 'yan damfara kuma sun san sababbin ɗalibai na cikin matsi. Tun ina gida wani ya turo mini hotunan ɗaki mai kyau ya ce in tura kuɗin ajiya don shi yana wata ƙasa. Ban tura ba, kuma da na iso na ji labarin waɗanda suka tura. Na fara zama a masaukin wucin gadi, daga baya na samu ɗaki a gidan wata tsohuwa ta hanyar ofishin masaukin ɗalibai. Adireshin nan ya zama mabuɗin sauran abubuwa, don banki da ofisoshin gwamnati duk suna neman shaidar inda kake zaune.

A lokacina wanda ke wajen Dublin a ofishin shige da fice na 'yan sandan yankinsa yake rajista. Garda ake kiran 'yan sandan, kuma yawancinsu ba sa ɗaukar bindiga. Na nemi rana, na jira, na je da fasfo, wasiƙar jami'a mai nuna na yi rajista na kuma biya, da inshora. An ɗauki yatsu da hoto, na biya yuro 300 da katin banki, aka ba ni izini mai suna Stamp 2. Katin, wanda ake kira IRP, bai fito ranar ba, sai daga baya ya iso. Tun farkon 2025 an mayar da rajistar farko ta duk ƙasar zuwa ofishin Burgh Quay da ke Dublin, saboda haka mai zuwa yanzu ko a Galway yake sai ya koma Dublin. Izinin Stamp 2 yana ba ɗalibi damar aikin awa 20 a mako lokacin karatu, da awa 40 daga Yuni zuwa Satumba da kuma daga 15 ga Disamba zuwa 15 ga Janairu. Kafin albashi sai ka samu lambar PPS, wato lambar shaidarka ta haraji da hidimomin gwamnati, ka kuma sanar da hukumar haraji aikinka, in ba haka ba za a yanke maka harajin gaggawa mai nauyi har sai ka gyara. Mafi ƙarancin albashi a 2024 yuro 12.70 ne a awa. Kowa ya lissafa da kansa: awa 20 za ta taimaka wajen haya da abinci, ba za ta biya kuɗin makaranta ba. Wanda ya gama digiri na biyu yana iya neman izinin zama har zuwa shekara biyu don neman aiki.

Bayan na zauna ne maganar taswira ta dawo da ƙarfinta. 'Yan ajinmu sun shirya zuwa Belfast, suka ce in zo, ai babu shinge. Gaskiya ne babu. Iyakar ta kai kusan kilomita 500, kuma bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 1998 an cire shingayen sojoji, sai dai ka ga allunan hanya sun koma mil maimakon kilomita. Amma 'yancin zirga-zirgar da ke tsakanin ƙasashen biyu na 'yan Ireland ne da 'yan Birtaniya. Mai fasfon Najeriya da ya tsallaka ba bizar Birtaniya ya shiga Birtaniya ba bisa ƙa'ida ba, ko da ba wanda ya tsayar da shi, kuma akan binciki motocin bas lokaci-lokaci. Ban je ba. Akwai ma wani tarko da ya fi wannan ɓoyuwa. Gundumar Donegal ita ce ta fi kowacce kusa da arewa a tsibirin, amma ta jamhuriya ce, kuma bas ɗin da ke tashi daga Dublin zuwa garin Letterkenny da ke Donegal yana ratsa Ireland ta Arewa. Daga Galway zuwa can ta garin Sligo kuwa ba ka fita daga jamhuriya. Haka nan da aka gayyace ni wani taron ɗalibai a Faransa, katin zamana bai isa ba, sai da na nemi bizar Schengen daga Dublin.

Yanayi ma yana buƙatar shiri. Sanyin bai kai na Kanada ba, ƙanƙara ba ta cika sauka ba saboda ɗumin teku, amma ruwa da iska ba su da lokaci, musamman a yamma. Rigar ruwa mai hula ta fi lema amfani, don iskar Galway karya lema take yi. Abin da ya fi taɓa ni shi ne rana. A Disamba gari ba ya wayewa sosai sai wajen ƙarfe takwas da rabi, magariba kuma ta yi da huɗu da 'yan mintuna, sai ka ga azahar da la'asar da magariba duk sun faɗo cikin lokacin lacca. A Yuni kuwa rana ba ta faɗuwa sai wajen goma na dare. Da hunturu agogonsu yana bayan na Najeriya da awa ɗaya, da bazara kuma daidai muke. Musulmi a ƙasar sun haura dubu 80 a ƙidayar 2022, akwai wuraren Juma'a da shagunan naman halal a manyan garuruwa.

In ƙanina ne zai fara yau, zan ce masa ya buɗe taswira ya tabbatar garin da jami'arsa take yana jamhuriya ko yana arewa, don jami'ar Belfast bizar Birtaniya take buƙata, da wasu kuɗi da wasu ƙa'idoji dabam. Ya zauna da mai ɗaukar nauyinsa wata shida kafin nema, su gyara asusu su tara rasitai. Ya karanta adadin kuɗi a shafin hukuma a ranar da zai nema, don waɗanda na kawo na lokacina ne kuma ana sauya su. Ya ware yuro 300 na rajista da kuɗin ajiyar haya daban, kada ya taɓa su, kuma ya fara neman ɗaki ranar da takardar karɓa ta zo, ba ranar da biza ta fito ba.